Barewar Sagir

Tun ranar da na dawo daga Malesiya ban sake shan shayi cikin natsuwa a ƙofar shagon Garba Tela ba. Da na zauna sai wani ya ce, "Hedimasta, wai da gaske ne can kullum sai an yi ruwa?" Kafin in amsa wani ya ce, "Bar zancen ruwa, ka ga barewar ko ba ka gani ba?" Na ba da labarin nan har na fara kama kaina ina ƙara masa gishiri. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa takarda in ci gaba da shan shayina.

Ga wanda bai san gidanmu ba, mahaifina maharbi ne, shi ne Sarkin Bakan garinmu a nan gefen dajin Falgore har Allah ya karɓi ransa. Ni boko na yi, koyarwa na yi har na yi ritaya, amma duk hutun makaranta ina bayansa a daji. Ya bar mini tsohuwar bindigarsa, irin wadda ake ɗurawa ta baki, da ƙarfen da yake zuba harsashi da shi, mai kama da awartaki da ɗan rami a bakinsa. A cikin zubinsa na ƙarshe dalma ɗaya ta rage, ƙulli guda kamar ƙwallon magarya. Ita nake yawo da ita a aljihu tun rasuwarsa.

Ɗana namiji ɗaya ne, Sagir, kuma shi ne auta. Gwamnati ta tura shi Kuala Lumpur karatun digiri na uku a kan namun daji. Aikinsa shi ne ya ɗaura ƙananan kyamarori a jikin bishiyoyi, duk dabbar da ta gifta su ɗauke ta hoto, shi kuma ya ƙirga. Dabbar da ya zaɓa ita ce barewarsu ta can, wadda suke kira rusa. Wata takwas kyamarorin suna daji, sun ɗauko birai, sun ɗauko aladun daji, har wani mai satar itace sun ɗauko, amma rusa ko ɗaya. An ba shi mako shida: ko ya kawo hoto, ko a rufe aikin ya dawo gida hannu biyu. In kuwa ya samu, malaminsa ya ce zai riƙe shi su ƙara shekara biyu suna aiki tare.

Zan faɗi gaskiya tun yanzu. Da na hau mota zuwa Kano, abin da ke raina shi ne Allah ya sa kada barewar ta fito. Na tsufa, uwarsa ba ta cika lafiya ba, bindiga tana rataye babu mai taɓa ta. Na ce wa mutane zan je in ƙarfafa masa gwiwa, alhali so nake in taya shi haɗa kaya.

Kafin in tashi ya kira ni sau uku a kan magana ɗaya. "Baba, don Allah ko ƙwayar albarushi kada ta biyo ka. Nan ba sa wasa da maganar bindiga, it's very serious." Na ce na ji. Na zazzage aljihuna, na ajiye dalmar a kan taga. Uwarsa kuwa, da ta zo ninke mini kaya ta gan ta, ta ce wannan mutumin ai ba ya rabuwa da abin nan, sai ta mayar da ita aljihun babbar rigata ta sa a akwati. Ta kuma cusa kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji, da kwalaben turare shida, irin mai maiƙon nan da take aika masa tun yana makarantar kwana.

Daga Kano muka sauka Adis Ababa muka sauya jirgi. Wanda na zauna kusa da shi ɗan kasuwar Kantin Kwari ne, ya yi barci tun kafin mu tashi, bai farka ba sai da aka kawo abinci, ya ci nasa ya tambaye ni ko zan ci biredina. Ni kuwa ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Haka na shiga ƙasar mutane ina take bayan takalmi.

A wurin duba kaya aka ce in buɗe akwati. Wata yarinya ce da kayan sarki da lulluɓinta tsaf. Ta kwance ƙullin daddawa, ta ja da baya, ta ɗaure shi da sauri fiye da yadda ta kwance. Sannan ta sa hannu a aljihun babbar riga ta fito da dalmar mahaifina. Ta jujjuya ta a tafin hannu, ta dube ni, ta yi alamar jefa ƙugiya a ruwa, ta ce, "Fishing?" Ashe irinta suke ɗaura wa zaren kamun kifi don ya nitse. Ban ce e ba, ban ce a'a ba, murmushi kawai na yi. Ta mayar mini ta ce in wuce. Na ji daɗin tsira, amma har muka fita raina yana ɓace: zubin Sarkin Baka guda, an mayar da shi kayan masunta.

Sagir ya rame. Ya durƙusa ya gaishe ni a tsakiyar jama'a, ƙamshin turaren uwarsa ya riga shi isowa. Masaukinsa yana wata unguwa da ake kira Wangsa Maju, hawa na goma sha bakwai. Kwana biyu ban matsa kusa da taga ba. Suna zaune da wani yaron kirki, Bitrus, mutumin Pankshin, mai karatun injiniya. Shi ya bar mini ɗakinsa ya koma falo, kuma shi ne mai tashina da asuba in agogona ya rikice.

"Baba, ka yi haƙuri da abincin nan fa," in ji Bitrus ranar farko. "Komai sai sun sa sugar. Bari in sauka mamak in yi maka tapau."

Mamak shi ne shagon abincin Indiyawa Musulmi da ke kusan kowace kwana, tapau kuma shi ne a ƙunso maka ka tafi da shi. Ya kawo shinkafa dafaffiya da ruwan kwakwa, da 'yan ƙananan kifaye, da gyaɗa, da wani jan yaji mai zaƙi. Na ci don kunya. Abin da ya kama ni shi ne wata waina mai laushi da suke kira roti, da shayinsu da ake ɗagawa sama ana zubawa har ya yi kumfa. Garba Tela, mai shayin ƙofar shagonka bai fara komai ba.

Mutanen suna da ladabi mai sa ka tsargu. Ba sa nuna abu da ɗan ali, sai da babban yatsa. In sun gaisa da kai sai su kai hannu ƙirji. Yaro ya kama hannun babba ya ɗora a goshi. Ba a ɗaga murya, ko a kasuwa. A jirgin ƙasa na cikin gari wani ɗan kwabon roba ake ba ka. Da muka sauka a Titiwangsa na jefa nawa a ƙofar fita, ƙofa ta buɗe, ni kuwa na tsaya ina jiran ta dawo mini da abina, layi ya taru a bayana babu wanda ya ce uffan. Da a tashar Kano ne, da tuni an gaya mini sunan kakana. Sai da Sagir ya dawo ya ja hannuna yana cewa, "Baba, ta cinye, mu tafi."

A kasuwar Chow Kit ne kawai na ji kamar ina gida, don akwai cunkoso, da ƙarnin kifi, da ruwa a ƙasa. Muka samu ɗanyar kuɓewa da garin shinkafa, Bitrus ya tuƙa tuwo da daren nan, na kaɗa miyar kuka da hannuna. A kan tuwon nan Sagir ya buɗe kwamfuta ya nuna mini hotuna ɗaruruwa, biri bayan biri.

"Baba, na bi komai yadda littafi ya ce. Grid ɗina, wato tazarar da ke tsakanin kyamarorin, daidai ne, height ɗin da na ɗaura su daidai ne. Mutanen ƙauyen suna ganin sawunta, amma ba ta zuwa gaban camera. Supervisor ɗina har ya daina tambaya."

Na ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri." Ya ce amin, bai san abin da nake nufi ba.

Ranar Asabar muka ɗauki hanyar daji, tafiyar awa biyu da wani abu daga birni, gonakin kwakwar manja hagu da dama har ido ya gaji. A ƙauyen bakin dajin muka sauka gidan wani dattijo, Pak Daud, wanda ke yi wa Sagir jagora. Gajere ne, sa'ana ko ya ɗan girme ni, haƙoransa ba su fi shida ba. Muka tuɓe takalma a gindin matakala, matarsa ta kawo shayi da soyayyar ayaba. Turancinsa kaɗan, nawa na aji ne, sai Sagir ya zauna a tsakiya yana juya mana magana.

Da ya ji ni ɗan maharbi ne sai fuskarsa ta sake. Ya ce shi ma da rusa ya ciyar da 'ya'yansa. Da aka hana harbinta ya kai tsohuwar bindigarsa ya miƙa wa hukuma da hannunsa, ya dawo gida bai ci abinci ba ranar. Ya shiga ɗaki ya fito da wani abu a tsumma. Ƙarfen zubi ne, ƙanen namu sak, sai dai nasa ramin biyu ne. Ya ce yanzu nauyin zaren kifi yake zubawa da shi. Na ce wa Sagir, "Gaya masa na riga na ji labari a filin jirgi."

Na fito da dalmar mahaifina na ɗora masa a hannu. Bai tambayi ko mece ce ba. Ya auna ta a tafinsa, ya bi layin haɗin da farce, ya nemo inda aka yanke wutsiyar zubin da wuƙa. Ya ce wanda ya zuba wannan ya gasa ƙarfensa sosai kafin ya fara, don babu tamoji ko ɗaya. Daga nan muka manta da mai fassara. Na yi alamar kwashe dattin da ke tasowa a kan narkakkiyar dalma, ya gyaɗa kai. Ya ɗaga yatsu uku ya yi alamar mayarwa cikin ludayi, wato zubi ukun farko ba a ajiye su, na ce haka yake. Shi daga tsohon bututu yake samun dalmarsa, mu daga mataccen batirin mota. Shi da hayaƙin kyandir yake baƙanta ramin, mu da na aci-balbal. Sagir yana ta kallonmu baki buɗe.

Da azahar muka shiga daji. Sagir ya yi alwala a rafi, muka yi salla, ya ciro kwalbar turare ya shafa a tafin hannu, ya goga a gemu da wuyan riga, kamar yadda ya saba tun yana yaro. Sannan ya nufi kyamara ta farko, ya buɗe ta da hannuwan nan, ya sauya batir, ya share gilashin da gefen rigarsa, ya gyara ɗaurin. Ina tsaye taku goma daga bishiyar ina jin ƙamshin. Ni da hancin ɗan Adam ke nan, na tsoho kuma.

Na duba ƙasa. Ga sawu nan, kofato biyu manya kamar na maraƙi, sun taho tiryan-tiryan ta hanyar ruwa, saura kaɗan su iso bishiyar sai suka karkata suka zagaye ta baya. A kyamara ta biyu haka, ta uku haka. Na ɗago kai sai muka haɗa ido da Pak Daud. Ya shafi hancinsa da babban yatsa, ya dubi Sagir, ya dube ni, ya kawar da kai. Daga baya na gane ya daɗe da sani. Ya taɓa ce wa yaron rusa tana da hanci, yaron ya rubuta a littafi ya wuce. A wurinsu ba a ce wa baƙo, mai ilimi kuma, ƙamshinka ne matsala, balle turaren da mutum ya shafa don salla. Yana ganin uba ya zo, magana ta samu mai ita.

Ni kuwa na yi shiru. Matsattsaku suka cika mini ƙafa, na samu abin da zan yi ta mita a kansa har muka fito. A mota Sagir ya ce, "Baba, ka ga wani abu?" Na ce, "Na ga daji."

Kwana huɗu na riƙe maganar nan a cikina, kuma ban ji daɗin kwanakin ba. Kullum da la'asar hadari ya haɗo, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, ina zaune a falo ina lissafi. In na yi shiru mako biyar kawai, yaro zai dawo, uwarsa ta samu mai kai ta asibiti, ni in samu wanda zan miƙa wa bindiga. Ba ƙarya zan yi ba, shiru ne kawai, irin wanda na yi wa yarinyar filin jirgi.

Ranar Laraba da yamma ruwa ya ɗauke, ya ce mu je bakin tafkin Titiwangsa in miƙe ƙafa. Muna zaune a benci, tsofaffi irina suna ta wucewa da sauri da takalman gudu, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Baba, ka tuna ranar da na bi ku kai da Kaka har bakin rafi, ka tsinko tsumagiya ka koro ni?"

Na ce na tuna. Shekararsa tara.

"Ka ce daji ba na ɗan makaranta ba ne. Ni fa tun ranar nake son in san abin da kuke gani a ƙasa. That's why na zaɓi wannan course ɗin. Ga shi na zo har nan, still ban gani ba."

Ya yi 'yar dariya, ni ban yi ba. Kunya ce ta kama ni, irin wadda ban ji ba tun ina saurayi. Abin da duk ɗan maharbi ya sani kafin ya iya ɗaukar gora, ni na hana shi sani da tsumagiya, yanzu kuma ina zaune ina jiran rashin sanin ya kayar da shi don in samu abin da nake so.

Na ce, "Kai, miƙo hannunka." Ya miƙo. Na ce, "Sansana." Ya sansana ya ce turaren Umma ne. Na ce, "Kakanka in zai shiga farauta, kwana uku ba ya taɓa sabulu. Rigar daji ba ta kwana a ɗaki, a rumbu take rataye tana shan hayaƙi. Dalmar nan da ka gani, ko ita ba ya ɗauka da hannun da ya ci miya, a toka yake ajiye ta. Kai kuwa wata takwas kana bin bishiyoyi kana shafa musu turaren Juma'a. Barewar tana nan. Sawunta yana bayan kowace bishiya da ka ɗaura abinka."

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Sannan ya ce, "Tun ranar Asabar ka gani?"

Na ce, "Tun ranar Asabar."

Bai tambaye ni dalilin shiruna ba, kuma na san ya gane. Yaron ya fi ni kunya.

Asabar ta gaba muka koma. Kwana uku babu sabulu babu turare, Bitrus yana ta tsokana wai zai koma barci a baranda. Pak Daud da ya matso ya gaishe mu ya ja numfashi, sai ya washe haƙoran nan shida ya ce, "Boleh, boleh," wato yanzu zai yiwu. Ya hura wutar ganye a bayan gida muka turara rigunanmu. Na ɗebi toka a ƙullin tsumma, na nuna wa Sagir yadda ake kaɗa ta a ga inda iska ta nufa. Muka wanke kyamarorin da ruwan rafi, muka shafe ɗaurinsu da laka. Na nuna masa bishiyar da namijin ke goga ƙaho har ɓawonta ya saɓule, da inda ya kwanta ciyawa ta lanƙwashe, da yadda ake gane sawun jiya da na yau. Yana durƙushe a laka yana tambaya ina amsawa. Darasin da ya kamata in ba shi shekara ashirin da suka wuce, na ba shi a yini ɗaya, matsattsaku suna shan jininmu mu biyu.

Ban jira sakamako ba, kwanakina sun ƙare. A filin jirgi na ciro dalmar na sa masa a hannu. Na ce, "Ba zan sake ratsa masu duba kaya da ita ba. Ka ajiye. In an tambaye ka, ka san abin da suke cewa ita ce."

Mako uku da dawowata, ina nan ƙofar shagon Garba, waya ta yi ƙara. Sagir ne ya aiko hoto. Waɗanda ke wurin sun ga hoton, sun kuma ga na tashi ban gama shayi ba. Namiji ne, ƙaho reshe uku kowane gefe, ya tsaya a karkace ya ba da haƙarƙari, kunnuwa a miƙe, hankalinsa kwance. Ban san lokacin da yatsana ya sauka a bayan ƙafarsa ta gaba ba, daidai inda mahaifina yake cewa a sa dalma. A ƙasan hoton Sagir ya rubuta: "Baba, ta fito. Sun ce in ƙara shekara biyun."

Na shiga gida na samu uwarsa a kan tabarma tana tsince shinkafa. Na gaya mata duka, har da maganar turaren, har da kwana huɗun da na yi shiru. Ta ture tiren gefe.

"Kai ka gaya masa?"

"Ni na gaya masa."

Ta miƙo hannu na ba ta wayar. Ta kai ta kusa da ido, ta ja hoton da yatsu biyu yadda jikokinta suka koya mata, ta duba hagu, ta duba dama, ta duba cikin duhun bishiyoyin da ke bayan barewar.

"Shi ba ya ciki?"

Na ce, "Ba ya ciki. Sai ba ya wurin take fitowa."

Ta miƙo mini wayar, ta jawo tirenta.

"To, ka ce masa ya aiko wanda yake ciki."